Baƙaƙen cinnakun gonar koko: iri ɗaya ne ko biyu?

Wani ɗalibi ɗan Aboabo, da ke ajin ƙarshe a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah a nan Kumasi, ya rubuto cewa aikinsa na kammala karatu a kan tururuwan gonar koko ne. Ya je gonar kawunsa a wajen Tepa ya kwaso wasu ƙananan cinnaku masu ɗaga ciki sama in an taɓa su, wasu daga jikin itace, wasu daga ruɓaɓɓen reshe. Waɗansu baƙi wuluk, waɗansu da ɗan ja-ja, girmansu kuma ba ɗaya ba. Manhajar waya ta ba shi suna biyu a kan hoto ɗaya, kawu kuwa ya ce duk cinnaka ne. Yana son sanin ko iri ɗaya ne ko biyu, da yadda masana ke raba masu kama da juna haka.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Kafin in ce komai a kan suna, ga tawa tambayar: da ka kwaso su, kowane gida da kwalbarsa ka yi, ko duk a kwalba ɗaya ka juye? In a kwalba ɗaya ne, sai haƙuri, ka sake shiga motar Tepa. Ba wanda zai warware maka wannan cakuɗa da tabbaci, komai daɗewarsa a aikin.

Dalili kuwa, a aikin tururuwa gida ake tambaya, ba ƙwaya ɗaya ba. Ma'aikatan da ke gida ɗaya 'ya'yan sarauniya ɗaya ne, ko na wasu sarauniyoyi 'yan nau'i ɗaya. Saboda haka duk saɓanin da ka gani a tsakaninsu, na launi ne ko na girma ko na yawan gashi, ka san na cikin gida ne, ba ya raba nau'i. Wannan shi ne ma'auninka. Sai ka san iyakar yadda 'yan gida ɗaya ke bambanta da juna kafin ka iya cewa wancan gidan ya tsallake iyakar. Wanda ya tsinci ƙwaya ɗaya nan, ɗaya can, ba shi da ma'auni, zato kawai yake yi. Gaskiya akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ɓarayi da ke raɓewa a gidan manyan tururuwa suna satar abinci, amma da ganinsu ka san baƙi ne, ba za su rikita ka ba.

Launin da ya ɗaga maka hankali shi ne shaida mafi rauni. Kai ɗan zango ne, ka san goro. Kwanso ɗaya za ka fasa ka sami fari ka sami ja, itace ɗaya ya haife su. Abin da ya raba goron fatauci da hannun-ruwa shi ne yawan ɓari: na fatauci biyu yake rabuwa, hannun-ruwa uku zuwa sama. To haka ake yi wa tururuwa, a bar maganar fari da ja, a ƙirga abin da ke ƙirguwa. Tururuwar da ba ta daɗe da zama babba ba fara-fara ce, jikinta bai yi ƙwari ba, sai bayan kwanaki take yin duhu. In ka fasa ruɓaɓɓen reshe irinsu za ka fi gani, don su ne ke zaune cikin gida suna renon tsutsotsi, manya na waje wajen kiwo. Sifirit ma yana wanke launi in samfur ya daɗe a ciki, balle kwalbar da rana ke duka.

Girma ma haka. A jinsin Pheidole gida ɗaya yana da ƙananan ma'aikata da sojoji masu ƙaton kai, har mai gani ya rantse ba su haɗa komai ba. A Camponotus daga ƙarami har babba akwai kowane tsani. Kwarkwasa kuwa, wato Dorylus, ta fi kowa: ka tsaya gefen layinta ka ga 'yan ƙanana na tsakiya suna gudu, manyan masu muƙamuƙi kamar ƙugiya suna tsaye a gefe, duk uwa ɗaya. Gidan da bai daɗe da kafuwa ba ma'aikatansa ƙanana ne saboda ƙarancin abinci, in ya bunƙasa su ƙara girma.

Wannan tarkon ya kama manyan masana kafin kai. A ƙarni na 19 da farkon na 20, matafiya da 'yan mishan ne ke aika 'yan ƙwayoyi cikin kwalba zuwa Turai, mutane irin su Gustav Mayr a Biyana, da Auguste Forel, da Carlo Emery su raɗa musu suna, galibi ba tare da sun ga gidan ba. Mayr ne a 1862 ya raɗa wa wata baƙar tururuwa suna Camponotus acvapimensis, daga duwatsun Akuapem aka kai masa ita, kuma sunan ya tsaya har yau. Amma da yawa ba su tsaya ba. In launi ya ɗan sauya sai a ba da sabon suna, in ƙaya ta ɗan fi tsawo sai a ƙara wani, har nau'i ɗaya kamar Camponotus maculatus ya tara sunayen rassa rututu. Na kwarkwasa ya fi muni. Namijinta shi ne ƙaton ƙwaron nan ruwan ƙasa mai dogon ciki da ke faɗowa gindin fitila da dare yana birgima. Linnaeus, masanin ƙasar Sweden, da ya same shi a 1764 cikin dangin rina ya sa shi. Har yanzu akwai sunayen Dorylus da aka kafa a kan maza kaɗai, da wasu a kan ma'aikata kaɗai, ba a gama gano wanne ne mijin wanne ba. Babban ɓangare na aikin Barry Bolton, Baturen Ingila da ya tattara tururuwa a garin Tafo na Gana kafin ya shafe shekaru a gidan adana halittu na Landan, shi ne share irin wannan tarkace: ya jera samfura masu yawa, ya nuna sunaye biyar ko shida abu ɗaya ne. Ya yi wa Tetramorium na Afirka haka a 1980, ya yi wa Monomorium a 1987.

Yanzu ga yadda ake bi, daga sama zuwa ƙasa. Na san ka wuce matakin raba tururuwa da gara, don haka a gurguje: gara ba ta da siririn ƙugu, ƙahonninta a miƙe suke kamar carbi, kuma da kyankyaso ta haɗa dangi. Tururuwa ƙahonta yana da gwiwa. Ka dai ƙirga ƙafafu, don a gonar koko akwai gizo-gizon da ke kwaikwayon tururuwa, yana ɗaga ƙafafun gaba kamar ƙahonni, nasa takwas ne.

Sai ƙugu. Ka kwantar da ita a gefe ƙarƙashin madubin ƙara girma, ka dubi tsakanin ƙirji da ciki. Ƙulli ɗaya ne ko biyu? In biyu ne, mafi yawanci kana cikin reshen Myrmicinae. In ɗaya ne, ka juya ka dubi ƙarshen ciki. Ɗan zagayayyen rami, sau da yawa da gashi kewaye da bakinsa, alamar Formicinae ce, masu fesa ruwa mai tsami a maimakon harbi, kamar Camponotus da jar tururuwar nan mai ɗinka ganye. Tsaga a kwance ba ƙarin harbi, Dolichoderinae ke nan. In akwai ƙari, jiki da tauri, ciki kuma ya ɗan shaƙe bayan gaɓar farko, ka shiga Ponerinae. Bayan nan ka ƙirga gaɓoɓin ƙaho, doguwar gaɓar farko a ciki, ka kuma lura gaɓa nawa ne suka kumbura a ƙarshe suka yi kulki.

Da waɗannan kaɗai za ka raba kiyashin da ke cikin gwangwanin sukarin kowane gida a Asawase, wanda mutane ke ɗauka abu ɗaya ne. Mai ruwan ɗorawa, ƙulli biyu, gaɓa 12, kulki uku, ba ƙaya a baya, Monomorium ne, sau da yawa pharaonis. In gaɓa 10 ce da kulki biyu, Solenopsis ne. Mai baƙin kai da farin ciki har kamar ana ganin ta cikinsa, wanda ƙullinsa ya ɓuya ƙarƙashin ciki kuma yake warin ruɓaɓɓiyar kwakwa in an murje shi, Tapinoma melanocephalum ne. Mai dogayen ƙafafu da ƙahonni da ke gudu ba kan gado, Paratrechina longicornis. Jinsi huɗu, reshe uku, a kicin ɗaya.

Misalin da na fi son nuna wa ɗalibai shi ne na manyan baƙaƙen nan biyu da mutanenmu kan haɗa a sunan gwano. Duka biyu Ponerinae ne, duka manya, duka masu harbi, har an taɓa zuba su a jinsi ɗaya, Pachycondyla, kafin Schmidt da Shattuck su mayar da kowa jinsinsa a 2014. Paltothyreus tarsatus shi ne mai warin nan da ke tashi in an taka shi, wari irin na farar wuta, kuma ɗai-ɗai yake yawon neman abinci. Megaponera analis kuwa ɗaruruwa suke fita a jere su kai wa gara hari, su dawo kowa da gara a baki, in ka hura musu iska ka ji suna wani sauti siii. A kansu ne aka yi binciken nan na dajin Comoé a Kwaddibuwa, wanda ya fito a 2017, aka nuna suna ɗauko waɗanda suka ji rauni a fagen fama su mai da su gida. To in matattu biyu aka ajiye maka a tebur, ba wari ba jeri, yaya za ka yi? Ka dubi kunci. Megaponera tana da wani siririn tudu da ya taso daga gindin muƙamuƙi ya nufi ido. Paltothyreus ba shi da shi, amma a gaban fuskarsa, saman baki, akwai wani ɗan dandamali da ya ɗago ya turo gaba da yankakken baki. Ka lura da abin da ya faru: hali ya ce biyu ne, wari ya ce biyu ne, ƙirar jiki ta ce biyu ne. Irin wannan haɗuwar shaidu ake nema, ko da a waɗanda suka fi waɗannan kusanci nesa ba kusa ba.

Mu dawo kan naka. Ƙanana, masu ɗaga ciki bisa baya in an tsokane su, a kan koko: kusan babu shakka Crematogaster ne. Ka tabbatar da abu uku. Ƙulli biyu ne; ƙulli na biyu a saman ciki ya manne, ba a gabansa ba kamar na sauran, shi ya sa take iya ɗaga shi haka; cikin kuma in ka dube shi ta sama yana da faɗi a gaba da tsini a baya. Ƙahon galibi gaɓa 11 ne. In haka ne ka sami jinsi, kuma ka faɗa cikin ɗaya daga mafi wahalar jinsuna a nahiyar nan. Nau'in da aka raɗa wa suna a duniya sun haura 500, ban da ɗaruruwan sunayen rassa, kuma na Afirka ta Yamma ba su sami irin sharar da Tetramorium ya samu ba.

Ga inda za ka sa ido. Ƙulli na biyu, ta sama: a mulmule yake, ko akwai kwari a tsakiya da ya raba shi gida biyu? Wannan ba ya sauyawa da shekaru ko da ƙoshi, kuma yana raba manyan rukunoni. Ƙulli na farko, faɗinsa a gaba yake ko gefunansa a miƙe suke? Ƙayoyi biyu na ƙarshen ƙirji, dogaye ne ko gajeru, a miƙe ko a lanƙwashe, sun buɗe ko suna tafiya tare? Sai fatar kai da ta ƙirji: sumul take tana sheƙi, ko da ƙananan zane-zane a jere, ko ɗige-ɗige? A nan haske ne rabin aikin. In ka haska fitila kai tsaye, sheƙi zai rufe maka komai, ka ga sumul inda akwai zane. Ka yanko farar takarda mai shara-shara, ko gindin farin kofin roba, ka kewaye samfurin da shi, hasken ya ratso ta ciki. Nan take zanen zai fito. Kuma a bushe ake duba wannan, ba cikin sifirit ba, don ruwa yana kwantar da gashi ya cike zane. Sai gashi: tsayayyu nawa ne a saman ƙirji, a ina suke, akwai su a doguwar gaɓar ƙaho ko babu. Gashi yana karyewa, saboda haka in ba ka gan shi a ƙwaya ɗaya ba, nemi ɗan ramin da ya bari, ka kuma duba 'yan'uwanta.

Sannan awo. Kana buƙatar madubi mai ido biyu da ke kai ninki 40 zuwa sama, da ɗan ma'aunin da ake sa wa a cikin idon madubin. A ɗakin gwajin sashenku za ka tambaya. Ka daidaita kai ya fuskance ka sosai, gefen baya da gaban fuska su fito tare, in ya karkata ko kaɗan awon ya lalace. Ka auna faɗin kai, tsawon kai, tsawon doguwar gaɓar ƙaho, tsawon ƙirji ta gefe, tsawon ƙaya, faɗin ƙulli na biyu. Lambobin su kaɗai ba su da amfani sosai tunda girma na sauyawa, don haka ake raba ɗaya da ɗaya. A ce faɗin kai milimita 0.80 ne, gaɓar ƙaho 0.72, ka raba 0.72 da 0.80 ka ninka da 100, ka sami 90. Haka za ka yi wa ma'aikata biyar zuwa goma a kowane gida, manya da ƙanana, daga gidaje da yawa gwargwadon iko.

Ga wata dabara da ɗalibai ke tsallakewa. Kada ka tsaya kan matsakaicin lissafi, ka zana su. Faɗin kai a kwance, tsawon gaɓar ƙaho a tsaye, kowace tururuwa ɗigo ɗaya, kowane gida da kalarsa. Sassan jikin tururuwa ba sa girma daidai da juna, babbar ma'aikaciya kanta ya fi faɗi in an gwada da ƙahonta, saboda haka lambar 90 ɗin nan za ta sauka a manya ta hau a ƙanana ko a gida ɗaya. In duk ɗigogin suka hau layi ɗaya, baƙaƙe da ja-ja, na itace da na reshe, to manya da ƙananan abu ɗaya kake kallo. In suka yi layi biyu, kowane gida ya faɗa ɗaya bai raba ƙafa ba, kuma waɗanda ke layin sama su ne dai masu kwari a ƙulli ko masu zanen kai, ka kama wani abu na gaske. A Turai da irin wannan awon Bernhard Seifert ya nuna a 1991 cewa baƙar tururuwar lambu da kowa ke kira Lasius niger nau'i biyu ce, ya fitar da Lasius platythorax, mai zama a daji cikin ruɓaɓɓen itace. Nahiyar da aka fi kowace bincike ke nan, kuma abin yana gabansu shekara da shekaru.

Littafin da ka rubuta a gona shaida ne daidai da madubi, kuma a nan kana da gata, don a gonakin kokon ƙasar nan aka yi aikin da duniya ke dogara da shi. Dennis Leston ne a farkon shekarun 1970 ya bayyana yadda manyan tururuwa ke raba saman gona yanki-yanki, kowa da itatuwansa, ba mai shiga na wani. Wasu masana biyu, Room da Majer, su ma a Gana suka yi nasu. Masu mulkin su ne Oecophylla longinoda, ja mai ɗinka ganye da zaren tsutsarta. Tetramorium aculeatum, mai ɗan gida kamar auduga a jikin ganye, wanda masu tsinkar koko suka san zafinsa. Da wasu Crematogaster. A cikin waɗannan, africana da depressa manyan gidaje suke ginawa da taunannen itace a jikin dogayen itatuwan inuwa, su sauko koko kiwo. Striatula cikin matattun rassa take zama. Clariventris cikinta ya fi sauran jikinta haske. Saboda haka maganarka ta cewa wasu daga jikin itace, wasu daga ruɓaɓɓen reshe, ta fi maganar launi nauyi a wurina. Amma ka bi layin na jikin itacen har ka ga inda suke shiga. Inda ka same ta tana tafiya daban, inda take kwana daban.

Wasu za su ce ka haɗa su a faranti ka gani ko za su yi faɗa. Gwaji ne mai amfani wajen sanin iyakar gida, ba na nau'i ba. Tururuwa da ƙamshin man da ke fatarta take gane 'yar gida, kuma gida biyu na nau'i ɗaya suna iya kashe juna.

Kawu yana da gaskiyarsa, duk suna cizo. Amma a aljihunsa bambancin zai fito. Inda jar mai ɗinka ganye ta yi mulki, akate, ƙwaron da ke tsotsar reshe da ƙwallon koko, yana raguwa. Crematogaster da yawa kuwa makiyaya ne: suna kiwon fararen ƙwarin nan masu kamar an barbaɗa musu gari, suna gina musu rumfa, suna shan zaƙin da suke fitarwa. Waɗannan ƙwari su ke ɗaukar cutar kumburin reshe, wadda aka fara lura da ita a Yankin Gabas a 1936, aka sare miliyoyin itatuwa saboda ita. Rumfar da aka gina da ƙasa ko tarkace a wuyan ƙwallo kuma tana iya hawo da cutar baƙin ƙwallo daga ƙasa. Ba kowane nau'i ke yin haka daidai da wani ba. Wanda ya rubuta baƙar cinnaka kawai a rahotonsa bai gaya wa manomi komai ba.

Za ka ji ana cewa gwajin ƙwayar halitta, DNA, ya kashe duk wannan wahala. Bai kashe ba. Hanyar da Paul Hebert da abokan aikinsa a Kanada suka yaɗa a 2003 tana karanta ɗan yanki ne mai harafi wajen 650 daga wani sashe da ake gada ta wajen uwa kaɗai. Tana da kyau ƙwarai wajen haɗa namiji da ma'aikatansa, ko soja da ƙaramarsa. Amma in nau'i biyu sun taɓa barbara a can baya, sai ka sami ɗaya ɗauke da alamar ɗayan. Nau'i ɗaya mai faɗin ƙasa kuma yakan nuna tazara mai yawa a cikinsa. Uwa-uba, sakamakon da za ka samu sai an gwada shi da na rumbun intanet, kuma in wanda ya sa nasa a can ya yi kuskuren suna, kuskuren za ka gada. Na tururuwan yankinmu ma kaɗan ne a ciki. Masu aiki da kyau suna haɗa awo, da DNA, da yanayin zama. Da haka ne a 2017 aka tantance rukunin Tetramorium caespitum na Turai zuwa nau'i goma. Ga aikin digirin farko ba na ba ka shawarar kashe sidi a kan wannan. Ka dai ajiye wasu daga kowane gida cikin sifirit mai ƙarfin 95 cikin 100, a firji, saboda gaba.

Manhajar waya kuwa, launi da siffar jiki take gani, abubuwan da muka ce ba a dogara da su. Ba ta ganin kwarin ƙulli a hoton da aka ɗauka a kan ganye. In ta kai ka jinsi, ka gode mata.

To wane suna za ka rubuta? Ka shiga shafin intanet na AntWeb, inda aka sa hotunan samfura ta fuska, ta gefe da ta sama, har da na ainihin waɗanda aka kafa sunaye a kansu, ka gwada naka da waɗannan na asali. Ka duba AntCat, rumbun sunayen tururuwa na intanet, ka ga ko sunan yana aiki har yanzu, don tsofaffin takardun koko suna kiran Tetramorium aculeatum da Macromischoides. Ka roƙi malaminka ya haɗa ka da masu aikin ƙwari a cibiyar binciken koko ta Tafo. In bayan duk wannan ba ka gamsu ba, rubuta Crematogaster nau'i na 1 da Crematogaster nau'i na 2, ka bayyana abin da ya raba su, ka sa awonka da hotuna, ka ajiye samfuran a sashenku da lamba. Manyan masana haka suke yi a takardunsu. Ni a wurina ɗalibin da ya yi haka ya fi wanda ya cika tebur da sunayen Latin da ba zai iya kare ko ɗaya ba in an tsare shi.

In za ka koma gonar, ka tafi da ƙananan kwalabe masu murfi da yawa, da sifirit na ɗakin gwaji. Na kemis zai yi maka in don duba siffa ne kawai. Ɗan burushi da aka jiƙa da sifirit ya fi yatsa ɗauka. Kowane gida ka ɗauki kamar goma zuwa ashirin, manya da ƙanana, ka tsaya nan. Malamanmu suna ambaton hanin kashe tururuwa ba gaira ba dalili, kuma aikin ma bai buƙaci fiye da haka ba. Ka rubuta wuri, kwanan wata, lambar itace, irin gidan da tsayinsa daga ƙasa, da fensir a 'yar takarda, ka jefa ta cikin kwalbar, don biro yana narkewa, abin da aka manna a waje kuma yana ɓallewa. In ka dawo, ka yanka kati mai ƙwari ƙanana masu kusurwa uku, ka soka allura a faɗin, ka ɗiga gam kaɗan a tsinin, ka manna tururuwar ta ƙasan ƙirji tsakanin ƙafafun tsakiya da na baya, ka ja ƙafafun ƙasa don kada su rufe ƙugu.

In da hali ka daidaita tafiyar da faɗuwar ruwan farko, wajen Maris zuwa Afrilu, lokacin da gidaje da yawa ke da masu fiffike. Maza da sababbin sarauniyoyi sukan nuna bambancin da ma'aikata suka ɓoye, musamman al'aurar maza. Amma daga cikin gidan za ka ciro su, tare da ma'aikatansu, su shiga kwalba ɗaya. Waɗanda ka tsinta a gindin fitila ka ba su tasu kwalbar daban, ka rubuta a takardar cewa a fitila aka kama su.